Wilfred Diresa da Kazar Maɗori

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kafanchan kafin yaƙin basasa, in ya ɗaga ƙafar wandonsa za ka ga tabo a ƙwauri, in kuma ka tambaye shi wa ya wanke masa gyambon, zai ce Wilfred Diresa, sannan ya ja tsaki. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan ya yi a ɗakin wankin ciwo na wani asibitin mishan da ke bayan gari, yana dirje gyambo da auduga yana zagin mai gyambon. Aikinsa dai ba a kushe shi. Ciwo bai taɓa ruɓewa a hannunsa ba, kuma shi da kansa yake faɗin haka ko ba a tambaye shi ba. Amma kafin ya gama ɗaure maka ƙafa sai ya gaya maka cewa ƙazanta gadonku ce, ya kawo sunan ubanka da na kakanka ya haɗa. Mutane suna warkewa su tafi suna tsine masa a hanya.

An haife shi a gindin dutsen Kagoro, ubansa maharbi ne. Yana ɗan shekara tara ɓauna ta take uban a daji ta karya masa cinya, aka kai shi wurin wani maɗori, aka ɗaure da kara da tsumma, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, kwana goma sha ɗaya ya cika. Daga nan 'yan mishan suka ɗauki yaron suka sa shi makaranta, daga nan kuma ya ƙulla gaba da duk wani mai ɗori a duniya. Wannan dalili ne, ba wanda ya ce ba dalili ba ne. Sai dai marayu da yawa sun tashi a ƙasar nan ba su mai da maraicinsu bulalar dukan jama'a ba.

A 1973 ya yi ritaya, ya koma gidansa mai kwano da ke kallon layin dogo, shi da matarsa Afiniki. 'Yarsu ɗaya Regina ta yi aure a Kujama, ta kuma gano cewa Kujama na da nisa ƙwarai duk lokacin da aka ce ta zo gida. Da aka yi zaɓen dattawan ikkilisiya ya tsaya, ya sami ƙuri'a biyu. Ɗaya tasa ce, ɗayar kuma Afiniki ta rantse ba tata ba ce. To, mutumin da ya saba kullum layi na jiransa a kan benci, yanzu ya wayi gari ba mai sallama a ƙofarsa sai mai tallan ƙosai, shi ma daga nesa.

Abin da ya cece shi wasa ne, kuma da tsautsayi ya same shi. Wata Lahadi bayan sujada ruwa ya tsare wasu maƙwabta a barandarsa, aka ɗauko ludo aka tarar allon ya jiƙe ya saɓule. Wilfred ya riƙe ƙwayar ludon a hannu yana juya ta, sai ya shiga ba da labarin yadda ubansa ke bin sawun gwanki. Da ya kai inda maharbi ya ja baka, ya miƙa wa na kusa da shi ƙwayar ya ce, "Jefa. In ka sami biyar ko shida ka harbe shi, in ka sami ɗaya ya hange ka." Mutumin ya jefa ya sami ɗaya, aka kwashe da dariya, wani ya ce a ba shi shi ma ya gwada. Har ruwa ya ɗauke ba wanda ya tashi.

Kafin shekara ta zagayo abin ya zama wasa mai doka da oda. Wilfred ya zana daji a bayan wani babban kwali, da rafuka da kogo da tsaunuka. Kowane ɗan wasa yana da maharbinsa, an rubuta sunansa a ƙaramin kati, da gwangwanin madara mai ƙwayar wake goma, waken nan shi ne jinin maharbin. Wilfred ya naɗa kansa Sarkin Dawa. Shi ke faɗin abin da ke cikin daji, shi ne bakin damisa da kura da mesa, 'yan wasa su faɗi abin da maharbansu za su yi, ƙwayar ludo ta yanke hukunci. Da fasto ya ji ana jefa ƙwaya ya zo ya leƙa ko caca ce, ya tarar ba ko kwabo a teburin, ya zauna kallo har kunun accan da Afiniki ta kawo masa ya huce.

A nan dole a ba shi haƙƙinsa, ko da baƙin ciki. Wilfred ya iya daji a baki. In ya ce ciyawa ta motsa ta hannun hagu, sai ka ga manyan mutane masu 'ya'ya sun waiga hagu. Ya san warin da ke tashi inda damisa ta kwana, ya san kukan tsuntsun da ke tona asirin maharbi. Saboda wannan ake zuwa, kuma saboda wannan ake jure masa. Teburin nan na ranar Lahadi shi ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya. Ya san haka sarai, yana kuma tsoron ranar da zai rasa shi fiye da yadda yake tsoron mutuwa.

Amma hali zanen dutse. Inda ya ɓata wasan shi ne wajen jinya. In dabba ta ji wa maharbinka ciwo, Wilfred zai kwashe wake daga gwangwaninka, sannan ya gyara zama ya bayyana raunin da murna, daga fata har ƙashi. Bayan haka ya yanke maka kwanakin jinya yadda yake yanke su a asibiti, ba ragi. Yankan ƙaya ko farce Lahadi biyu. Targaɗe uku. Karayar hannu shida. Karayar cinya goma sha biyu cur. Kuma ba gida za ka zauna ka jira ba. Dole ka zo kowace Lahadi ka zauna a bencin da ya jingina da bango, ka kalli wasu suna farauta, ba ka da bakin magana. Sau ɗaya za a miƙo maka ƙwaya ka jefa. In ka tsira a mai da maka wake ɗaya, in ka sami ɗaya ciwon ya yi mugunya, lissafi ya koma farko. In ko ka yi fashin zuwa, Wilfred zai ce marar lafiya ya gudu daga asibiti, ya yage katin a gaban kowa.

"Ciwo ba ya jin roƙo," haka yake cewa. "Ni na san kwanan da nama yake ɗauka kafin ya haɗe. Ku me kuka sani?"

Da mutum takwas aka fara. Zuwa daminar 1976 saura uku. Akwai Malam Luke, malamin firamare mutumin Nok, mai son gaskiya muddin ba shi zai fara faɗinta ba. Akwai Gregory, akawu, wanda ke zuwa da laima ko da rani. Sai Marcel, makanikin loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, Ibo ne haifaffen Kafanchan, wanda ya tafi gabas lokacin tashin hankali ya dawo bayan yaƙi ya koma aikinsa. Maharbin Marcel sunansa Ɗan Loko, kuma duk teburin ba wanda Wilfred ya tsana kamar Ɗan Loko.

Tsanar tana da asali. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Marcel ya manta ya bi hagu a kan kekensa, wata a-kori-kura ta watsar da shi a kwalbati, hannunsa na dama ya karye gida biyu. Aka kawo shi wurin Wilfred, ya duba ya ce a wuce da shi babban asibiti, kuma a shirya, don hannun nan sai an yanke. Matar Marcel, Oby, ta ji kalmar yankewa sai ta ɗauke mijinta ta kai shi wani ƙauye a hanyar Zonkwa, wurin wani tsoho maɗori mai suna Kambai. Bayan wata biyu Marcel ya dawo da hannunsa, ɗan karkace kaɗan amma yana riƙe sifana. Da wannan hannun yake jefa ƙwaya a teburin Wilfred kowace Lahadi, Wilfred kuwa duk jifa sai ya ji kamar mari ne.

A daminar nan Ɗan Loko ya yi Lahadi biyar yana bin wata tsohuwar ɓauna mai ƙaho ɗaya. Ran ta shida ya ritsa ta a bakin rafi, ya ɗaga mashi, Marcel ya hura wa ƙwaya iska ya jefa. Ɗaya ta fito. Fuskar Wilfred ta washe kamar an yi masa albishir. Ya kwashe wake takwas daga gwangwanin Marcel ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana yadda ɓauna ta ɗaga Ɗan Loko ta maka shi da dutse, yadda ƙashin cinya ya ce ƙas.

"Lahadi goma sha biyu," in ji shi. "Ga benci can."

Marcel bai tashi ba. A shekarar nan kaɗai ya riga ya yi Lahadi takwas a bencin nan saboda cizon kura.

"Oga Diresa, sha biyu ya yi yawa fa," ya ce. "Wata uku ke nan ina zo ina kallon bango kaman ɗan furusuna. Luke da Gregory suna kusa da rafi, ba? Su ɗauke shi su kai wurin maɗori."

"Babu maɗori a dajina."

"Wane irin daji ne babu maɗori? Ko ƙauye mai gida biyar akwai."

"Na ce babu. Wanda yake so a ruɓar masa da ƙafa ya je ya zana nasa dajin."

Marcel ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi a gaban hancin Wilfred. "Wannan ya ruɓe? Duba shi da kyau, Oga. Wannan ne ka ce a yanke."

Wilfred ya ce hannun da ya karkace kamar lauje ba abin nunawa ba ne. Marcel ya ce lauje ya fi dungu. Malam Luke ya shiga duban taswira kamar yau ya fara ganinta, Gregory ya ce hadari ya taso, aka watse ba sallama.

Lahadi ta gaba Marcel ya zo da kwando a bayan keke. Ya aje shi a tsakiyar taswira ya buɗe, sai ga kaza ja, ƙafarta ɗaya a ɗaure da siraran kara da zaren rama.

Kowa a wurin ya san ma'anarta. Haka Kambai yake aikinsa: in an kawo masa mai karaya, sai ya kama kaza ya karya mata ƙafa daidai inda mutumin ya karye, ya ɗora su tare, kazar ta kwana gida ɗaya da majinyacin. Ranar da kaza ta taka ƙafarta, ranar mutum zai taka tasa. Marcel ya hau keke ya je har ƙauyen ya ce yana da marar lafiya mai karayar cinya. Kambai ya ce ina yake, Marcel ya ce yana cikin akwati a gidan Diresa, kati ne. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, don ya daɗe yana jin irin zagin da Wilfred ke masa daga nesa. Ya ce a kawo kazar.

"Ɗan Loko yana kwana a akwatinka," in ji Marcel, "saboda haka kaza zai kwana a gidanka. Ran da ya taka ƙasa, Ɗan Loko ya tashi. Kuma daga ran nan akwai maɗori a daji, kowa ya ji ciwo zai iya zuwa."

Wilfred ya ce a kwashe masa wannan aikin arna daga kan tebur. Amma a karo na farko Malam Luke ya buɗe baki ya ce shi dai a ganinsa gwaji ba laifi ba ne. Gregory kuma ya ce, yana kallon laimarsa, in Malam Wilfred bai yarda ba, ai akwai tebur a kwatas ɗin reluwe, kuma ƙwayar ludo ba ta da wuyar samu.

Maganar nan ta daki Wilfred a ƙirji. Ya dubi fuskokinsu uku ya ga ba wasa suke ba. Girman kai ya hana shi lallashi, tsoro ya hana shi kora, sai ya zaɓi fariya. Ya ce ya yarda. Ya ce ƙafar da aka ɗaure da hannun da bai san sabulu ba, kafin kwana goma za ta yi tsutsa, kuma ranar zai so ya ga idon Marcel. Aka tsai da magana cewa bayan Lahadi uku Kambai da kansa zai zo ya kwance ɗorin a gaban kowa.

Kazar ta zauna a kicin ɗin Afiniki cikin kwando. Afiniki kuwa, wadda ta yi shekara talatin da biyar ba ta ga wani ya ja da mijinta ya tsira ba, ta ɗauki kazar nan kamar baƙuwa daga garinsu. Tsakin masara da safe, gara da rana, ruwa mai tsabta a murfin kwano. Kowace safiya Wilfred sai ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, wai yana neman ashana. Yana shaƙar iska ko zai ji wari, bai ji ba. Yana duban yatsun kazar ko sun yi baƙi, suna nan jajir. Idonsa idon aiki ne, ba ya yi masa ƙarya, kuma abin da ya nuna masa shi ne ɗorin nan ya zauna daram. Wannan ya fi komai ci masa rai, har tuwo ya daina wuce masa.

Ranar Alhamis ta mako na uku ya tarar da kazar a waje da kwando, ta sauke ƙafar tana ɗan dogara ta. Ranar Juma'a ta yi taku huɗu ta bi wani kyankyaso.

"Baban Regina, ka ga baƙuwarmu ta miƙe," in ji Afiniki, kuma ba ta ɓoye jin daɗinta ba.

"Ki kula da tukunyarki," ya ce.

Ya koma baranda ya zauna yana lissafin da ya kai shi ya baro. A tunaninsa, abin da ya ɗora shi bisa mutanen nan shi ne ya san kwanakin ciwo su ba su sani ba. In kaza ta ƙaryata shi, me ya rage? Kowa zai iya jefa ƙwaya, kowa zai iya zana rafi a kwali. Za su gane ba sa bukatarsa, su kwashe wasan su tafi, ya koma sauraron jiniyar jirgi shi kaɗai. Bai taɓa kawo wa ransa cewa don ciyawar da ke motsi ta hagu suke zuwa ba, jinyar kuwa haƙuri kawai suke da ita. Da ya sassauta da sun zauna da shi har ya mutu. Amma wanzami ba ya son jarfa, kuma mutumin da ya shekara talatin yana gaya wa mutane kuskurensu ba zai zauna kaza ta gaya masa nasa ba.

Ranar Asabar da la'asar Afiniki ta ɗaura kallabinta ta tafi koyon waƙa na zumuntar mata. Wilfred ya jira har ta sha kwana, ya shiga kicin ya kama kazar. Ya zauna a kan turmi ya matse ta a cinyarsa ya warware zaren. Ya shafa ƙashin da babban yatsa, ya ji ƙullin inda ya haɗe, sumul, da shi ya yi aikin da ya yi alfahari. Ya matsa sama kaɗan da wurin, ya sa yatsu biyu, ya karya. Kazar ta tsala ihu ta yi masa kashi a wando.

Kan ƙashin ya ɗan huda fata, jini ya tsattsafo. To, a nan ne shekara talatin da ɗaya suka ci amanarsa. Bai yi shawara da kowa ba, bai ma yi da kansa ba, ƙafarsa ce ta kai shi ɗaki ya ɗauko akwatin aikinsa. Ya wanke wurin da ruwan gishiri, ya shafa aidin, ya daidaita ƙashin, ya mai da karan, ya naɗe zaren layi bisa layi, ya ƙulle da ƙullin bandeji, ya datse bakin zaren da almakashi. Ya mai da ita kwando ya wanke hannu har gwiwa. Mutumin da ya iya mugunta amma bai iya barin ciwo da datti ba ke nan.

Lahadi bayan sujada suka iso su huɗu. Marcel ya goyo Kambai a keke, wani ɗan tsamurmurin tsoho mai gajeren wando da jakar fata. Ya gai da Afiniki, ya gai da Wilfred da "Sannu Malam Likita," Wilfred ya amsa da hanci. Afiniki ta kawo kwandon fuskarta a ɗaure, don tun safe ta ga kazar ta ƙi tashi, ta ƙi tsaki.

Marcel ya fito da ita ya aje a ƙasa. Ta yi tsalle ɗaya da ƙafa guda ta kife.

"To," in ji Wilfred da ƙarfi, "kun gani da idonku. Benci yana nan inda yake."

Kambai ya matso. Ya tsuguna ya ɗauki kazar ya juya ƙafar, ya daɗe yana kallon ƙullin. Ya kwance a hankali, sai ga fatar ta rine ruwan goro. Ya kai hanci ya shinshina, ya bi ƙashin da yatsa daga ƙasa zuwa sama.

"Nawa yana nan," ya ce. "Ya kama, ko sanda ba zai raba shi ba. Wannan na sama sabo ne, bai kwana biyu ba."

"Akuya ce ta taka ta," in ji Wilfred. "Gidan nan cike yake da awakin maƙwabta."

"Lalle," in ji Kambai. "Akuyan unguwan nan ya yi makaranta. Ya taka, ya shafa aidin, ya yi ƙulli irin na asibiti, har ya yanke bakin zare da almakashi."

Ba wanda ya yi dariya. Gregory ya sunkuyar da kai. Malam Luke ya cire tabarau ya ce, "Haba, Malam. Haba." Afiniki ta dubi mijinta ta ce, "Baban Regina, ashe da na tafi coci aikin da ka zauna yi ke nan," ta juya ta shige ciki.

Da Marcel ya yi magana bai ɗaga murya ba.

"Oga Diresa, shekara uku ina zama a nan kana kallon hannuna. Ina cewa haushi ne kawai irin na tsofaffi. Yau na gane. Da a gidanka na kwana lokacin nan, da ka tashi ka karya shi na biyu, don maganarka ya zama gaskiya."

Nan ne wurin da mutum zai ce na yi kuskure, kuma da ya faɗa da wataƙila an wuce wurin, don mutanen nan sun yafe masa abin da ya fi yawa a baya. Wilfred ya ji kalmar ta taso masa har maƙogwaro, kunya ta rufe shi har kunnuwansa suna zafi. Sai ya haɗiye ta ya bugi tebur.

"Sharaɗi dai kaza ta taka ƙasa. Ta taka? Ba ta taka ba. Lahadi goma sha biyu, saura tara!"

"Ka ci," in ji Marcel. "Riƙe katin, riƙe waken."

Ya juya kekensa. Luke da Gregory suka bi bayansa, ko katunansu ba su nema ba. Kambai ya aje kazar a gaban Wilfred ya ce wanda ya karya shi zai ɗora, ai ya ga hannun ya iya. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Lahadi ta gaba Wilfred ya shimfiɗa taswira, ya jera gwangwani uku, ya zauna. Ba wanda ya zo. Bisa dokarsa ya kamata ya yage katin Ɗan Loko, tunda majinyaci ya gudu, amma bai yage ba. Ya jefa masa ƙwaya da kansa, huɗu ta fito, ya sa wake ɗaya a gwangwani. Haka ya riƙa yi duk mako, shi kaɗai a baranda, yana jefawa tsakani da Allah ba maguɗi, yana jin faɗuwar gaba kada ɗaya ta fito. Afiniki ta daina dama kunun Lahadi. Labari ya iso masa cewa ana wasan a gidan Marcel, Malam Luke ne Sarkin Dawa, wai ɓaunarsa kamar darasin aji uku take, kuma karaya tana warkewa kafin a gama shan shayi. Wilfred ya yi dariyar ƙeta ya ce za su gaji su dawo. Ya ma tsara yadda zai karɓe su, zai bar su tsaye na ɗan lokaci kafin ya ce su zauna.

Ba su dawo ba. Ranar Lahadi ta goma sha biyu ya jefa ƙwayar ƙarshe ta ba shi shida, gwangwanin Ɗan Loko kuwa ya riga ya cika. Ya shiga ɗaki ya sa farin kakinsa na aiki, ya sa katin a aljihun gaba, ya tsallaka layin dogo zuwa kwatas. Tun daga bakin famfo yake jin hayaniya. Ta taga ya hango mutum tara a kewaye da tebur, har da waɗanda ya yage wa kati shekara biyu da suka wuce, Oby tana zagayawa da faranti.

Ya yi sallama sau biyu kafin Marcel ya fito. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta da kafaɗunsa.

"Ɗan Loko ya warke," in ji Wilfred, ya miƙa katin. "Ba mugunya, ba ɗingishi. Na sallame shi, zai iya komawa daji ran Lahadi."

Marcel ya dubi katin bai karɓa ba.

"Mun yi masa sabon kati tun tuni, Oga. Ya kashe ɓaunan nan wata biyu da ya wuce, yanzu ma yana bin damisa." Daga ciki wani ya ƙwala masa kira cewa jifansa ne. "Ka gai da Mama," ya ce, ya koma ya turo ƙofa.

Wilfred bai tafi ba. Ya matsa gindin taga ya tsaya da katin a hannu. Yana ji Malam Luke yana cewa damisa ta yagi wani a kafaɗa, a ɗaure masa da ganye ya tashi ya ci gaba. Ba a ɗaure yagar damisa, buɗe ta ake a wanke har ƙasa, ko yaron da ya yi wata ɗaya a ɗakin wankin ciwo ya san wannan. Ya ɗaga yatsa ya buɗe baki zai gyara masa, sai Gregory ya miƙe, ya dube shi ido cikin ido, ya jawo tagar ya sa sakata.